GIDAN GADO DA IYALIN ZAMANI: TARIHIN ƘARIN GINI A BIRNIN KANO

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa lungunan Yakasai, ko Koki, ko Alfindiki, ko Madabo a 'yan shekarun nan, zai ga abu guda yana ta maimaita kansa. Zai ga zauren ƙasa mai zankwaye, ya tsufa har ya ɗan rankwafa, a bayansa kuwa ga benen bulo ya miƙe, da tankin ruwa na roba a bisa kansa, wani lokaci har da faifan sola. Wasu daga cikinmu in sun ga haka sai su girgiza kai su ce an ɓata kayan tarihi. Wasu kuma su ce ai ma an yi sanya, kamata ya yi a rushe zauren a yi gareji kowa ya huta.

Alhali kuwa abin da ke gaban magidanci mai irin wannan gida ya wuce a yanke masa hukunci daga bakin hanya. A ce ya gaji ɗaki uku da zaure, ga mata da 'ya'ya bakwai, ga tsohuwa tana nan da ranta, ga kuma 'yan'uwansa mata da ke da rabo a ciki. Kuɗin fili a bayan gari ya fi ƙarfinsa, kuma ba ya son barin unguwar da aka binne cibiyarsa. To, ina zai ƙara ɗaki? Da me zai ƙara shi, kuma me zai rusa kafin ya sami wurin? Tun da masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, bari mu duba yadda magabata suka riƙa yin wannan ƙari, da abin da ya sauya daga baya. Za mu ga cewa da ƙari aka san gidan Bahaushe tun fil azal, sai dai filin da ake yin sa da kayan da ake yin sa da su ne suka sake, har abin da ya kasance mai sauƙi jiya ya zama mai haɗari yau.

Tsarin gidan tun asali

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, birnin Kano na da yana da yalwar fili. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta, aka sake faɗaɗa ta a ƙarni na 17 zamanin Muhammadu Nazaki. Lokacin da Baturen Birtaniya Clapperton ya shigo birnin a 1824, ya lura cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar da ganuwa ta kewaye ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Shi kuwa Bajamushe Barth, wanda ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin mutum 30,000, ya kuma ga soraye gauraye da ɗakunan ciyawa. Benaye a lokacin an fi ganinsu a wajejen Dala, inda fataken Larabawa suke zaune. Saboda haka wanda ke son ƙara ɗaki a wancan zamani ba ya rasa inda zai aza tubali.

Shi kansa gidan yana da tsari wanda kowa ya sani, daga na attajiri har na mai ƙaramin ƙarfi. Daga titi sai zaure, inda maigida ke karɓar baƙi, yake sana'arsa in maɗinki ne ko baduku, yake karantarwa in malami ne. Daga zaure sai ɗan filin ƙofar gida, inda ake yi wa samari da baƙi ɗaki, ake kuma ɗaure dabbobi. Daga nan sai shigifa, wadda ita ce iyakar baƙo namiji, sai ko muharrami ko wanda aka yi wa izini. Ba a saita ƙofar zaure da ta shigifa, domin kada idon mai wucewa ya kai ciki. Bayan shigifa ne cikin gida yake, da turakar maigida, da ɗakunan mata, da madafi, da rijiya, da makewayi can a kusurwa. Duk waɗannan suna kewaye ne da tsakar gida, wadda a nan ake daka, da girki, da wanki, da kaɗi, da taron suna da biki, a nan kuma ake baje tabarmi a kwana idan bazara ta matsa.

Kayan aikin ma duk na kusa ne. Ƙasa daga kududdufin unguwa ake haƙo ta, a kwaɓa ta da ciyawa a bar ta ta ruɓa, a mulmula tubali a shanya. Bango yakan yi kauri a gindi ya riƙa sirancewa yana hawa. Rufi kuwa da azara ake yin sa, wato tsagin giginya wanda gara ba ta cika ci ba, a shimfiɗa zana ko asabari, a ɗora ƙasa, a sa indararo. A nan akwai wani abu da ya kamata a lura da shi. Azara ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin ƙafa 6 babu tallafi. In ana son ɗaki ya fi haka faɗi, sai a yi tauyi, ko a kafa ginshiƙi, ko a ɗauko gwani ya yi bakan gizo da daurin guga, wanda aiki ne mai tsada da aka fi yi wa sarakuna da attajirai. Wato ke nan tsawon azara shi ya yanke wa ɗakin talaka girmansa. Don haka idan iyali suka ƙaru, ba a faɗaɗa ɗakin da ake da shi, wani ake ginawa a gefensa.

Gida yana bin iyali

Ta haka ne gidan birni ya zama abin da ba ya zama wuri ɗaya. In ɗa ya isa aure, da rani sai a kira magini a yanki wani gefe na tsakar gida a yi wa amarya ɗaki, in da hali a ja 'yar katanga a fitar masa da sashe. In maigida ya ƙara aure, a ƙara ɗaki. In kuwa tsoho ya rasu, ko aure ya mutu, ɗakin yakan zauna ba kowa, a daina yi masa yaɓe, damina biyu ko uku rufin ya rufta. Sai a zare azarar a adana, ƙasar kuma a sake kwaɓa ta a yi wani ginin. Wani masanin gini Bajamushe, Friedrich Schwerdtfeger, ya bi diddigin gidaje a birnin Zariya, a littafinsa na 1982 wanda ya kwatanta su da na Ibadan da Marrakesh, ya kuma nuna yadda fasalin gida ke sauyawa tare da haihuwa da aure da mutuwa. Abin da ya gani a Zariya shi ne abin da kakanninmu suka saba da shi a Kano.

Rabon gado shi ma yana sake wa gida kama. Idan magada ba su yarda su zauna tare ba, sai a ja katanga, wanda rabonsa ya faɗa baya a fasa masa ƙofa ta wani ɓangare, a bar masa 'yar hanya. Yawancin lungunan nan masu lanƙwasa da ke rikita baƙo, tarihin iyalai ne a rubuce a ƙasa. Amma fa duk wannan ƙari da ragi ba a yin sa kara zube. Fiƙihun Malikiyya ya ba abokin tarayya a gidan da ba a raba ba haƙƙin shufu'a, wato shi ya fi cancanta ya sayi rabon ɗan'uwansa kafin bare. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan birnin nan, ta hana mutum ya fasa tagar da zai riƙa hango cikin gidan maƙwabcinsa, ko ya yi ƙofa daura da tasa, ko ya yi haƙar da za ta cutar da shi. Ga mai unguwa, ga Sarkin Magina, ga alƙali in abu ya ƙi ci. Waɗannan su ne hukumar tsara birni ta wancan zamani.

Kada kuma a ɗauka ginin ƙasa ba ya karɓar sabon salon zama. Gidan Makama, wanda ake danganta asalinsa da zamanin Rumfa, Turawa sun yi ofis a cikinsa bayan sun ci Kano a 1903, daga baya wani sashe nasa ya zama gidan adana kayan tarihi. Haka nan Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a wurin a 1909. Magina 'yan ƙasa ne suka yi aikinsa da tubali da azara, Bature ya zauna a ciki da teburinsa da gadonsa da littattafansa, kuma ga shi nan tsaye bayan shekaru fiye da 100. Waɗannan manyan gidaje ne, amma ƙasar da aka gina su da ita, ita ce dai ta ɗakin talaka.

Zuwan kwano, famfo da siminti

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi suka shigo hannun mutane, kantunan Turawa kuma suka cika da kwanon rufi da katako da ƙusa. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926–1953), hukumar En'e ta jawo ruwan famfo daga Challawa, ta kuma kawo wutar lantarki. Siminti da farko daga waje ake shigo da shi, sai aka buɗe masana'antarsa a Nkalagu a 1957, ta Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka a 1979. A tsakanin nan ne arzikin man fetur ya zo, aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, wanda ya sa malamin makaranta da akawu suka iya tunanin sayen bandir ɗin kwano.

Ba daidai ba ne mu zargi iyayenmu da suka rungumi waɗannan kaya. Wanda ya taɓa kwana yana jera kwanoni ƙarƙashin soro mai yoyo, ko ya taɓa neman kuɗin yaɓe kowace shekara kafin ruwan fari, ya san abin da kwano ya raba mutane da shi. Bugu da ƙari, katako ya fi azara tsawo, saboda haka ɗaki ya sami faɗi a daidai lokacin da kayan ɗakin amarya suka ƙaru: gado mai rumfa, da kabad na jere, da kujerun kushin. Daga nan ne ciki da falo ya zama abin da kowace amarya ke sa rai da shi.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Bulo ba ya komawa ƙasa, ɗakin da aka yi da shi ya zauna ke nan, ko da mai shi ya ƙaura ko ya rasu. Don haka gida ya ci gaba da ƙaruwa amma ya daina raguwa, tsakar gida ce kuma ke biyan kuɗin kowane sabon ɗaki. A waje ma fili ya ƙare, gonakin da Clapperton ya gani sun zama unguwanni, an cike kududdufai da dama an yi gini a kansu, ga shi kuwa su ne ke ba da ƙasa da rani su kuma shanye ruwa da damina. Marina sun ragu, katsi ya yi wuya, shi ne kuwa ake haɗawa da gashin jima da dafara a yi laso mai hana ruwa shiga. Makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ita ma masu iya sarrafa ta sun yi ƙaranci. Giginya ta yi nisa, 'ya'yan magina da yawa sun koma birkiloli. Da aka yi ruwan nan mai yawa na watan Agusta 1988, wanda ya fasa madatsar Bagauda ya kuma kayar da gidajen ƙasa masu ɗimbin yawa, sai mutane da dama suka yanke cewa ginin ƙasa ya gama zamaninsa. Magina kuwa sun daɗe da sanin cewa ruwan da ya kwanta a gindin katanga ya rasa hanyar wucewa ya fi wanda ke sauka a kanta illa.

Inda ake tuntuɓe

Iyalin yau suna da bukatun da kakanninmu ba su sani ba, kuma bukatu ne na gaskiya. Ana son banɗaki a kusa da ɗakin kwana, da kicin mai rufi, da falon da mata za su karɓi baƙinsu, da ɗakin 'yan mata daban na samari daban, da inda yaro zai zauna ya yi aikin makaranta, da wurin ajiye babur ko mota, wani lokaci har da shagon da zai riƙa kawo na cefane. Cusa duk waɗannan a filin da aka tsara domin ɗaki uku shi ne inda ake yawan yin kuskure.

Na farko, a cinye tsakar gida har ta koma siririn lungu, wani ma ya rufe ta da kwano gaba ɗaya. Daga ranar iska da haske sun yi sallama da ɗakunan, hayaƙin girki ya rasa mafita, matar da ke wuni a gida ta rasa inda za ta ga sararin sama, kuma duk daren da aka ɗauke wuta a bazara sai an gane abin da aka yi asara. Na biyu, a shafe tsohon bangon ƙasa da siminti da niyyar kare shi. Ƙasa da siminti ba sa miƙewa da tsukewa tare, saboda haka shafen yakan tsage, ruwa ya shiga ta bayansa ya kasa fita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye yana kyau a ido, har ranar da zai zube. Na uku, a zuba kankare a ɗora bene bisa bangon da aka gina domin ɗaukar azara, sannan a fasa masa manyan tagogi masu kallon tsakar gidan maƙwabci, a jawo rigimar da Risala ta riga ta yi maganinta tun fiye da shekara 1,000. Na huɗu, a haƙa sokawe dab da gindin bango ko kusa da rijiya, a haɗa wa kai rushewar gini da gurɓatar ruwa. Na biyar, a mayar da zaure shago ko gareji, a wayi gari baƙo ba shi da wurin tsayawa sai titi ko tsakiyar iyali.

Abin da tarihi ya koyar

Idan muka tattara abin da ya gabata, za mu ga hanyar ba ɓoyayya ba ce. Kafin a sayi bulo ko ɗaya, magada su zauna su daidaita a rubuce, da shaidu, kowa ya san rabonsa, domin ɗakin da aka gina a kan haƙƙin 'yar'uwa ƙarshensa kotu. Bayan wannan sai a duba hanyar ruwa, musamman da yake tituna da yawa yanzu sun fi daɓen tsofaffin gidaje tudu, a tabbata ruwan indararo da na wanki yana da mafita nesa da gindin bango.

Sannan a bar zaure da shigifa a inda suke, a gyara su da irin ƙasarsu. Su ne fuskar gida, su ne kuma suka fi tsada a sake yin irinsu, ga shi kaurin bangonsu yana jinkirta zafin rana har sai gari ya yi sanyi. In rufin ƙasa ya gagara riƙewa, ana iya ɗora kwano a bayan rawanin bango, a bar tazarar da iska za ta ratsa, a bar azarar a ƙarƙashi. Sabon gini kuwa a kai shi baya ko gefe ɗaya, a yi masa nasa harsashin da nasa ginshiƙan, kada ya jingina da tsohon bango. Tun da fili ya ƙare, hawa sama ya fi cinye tsakar gida, muddin tagogin suna kallon ciki, na ɓangaren maƙwabta kuma ƙanana ne sama da kan mutum. Banɗaki da kicin a tara su a jikin bangon bulo guda, domin bututu ya taƙaita, danshi kuma ya nisanci ƙasa. Tsakar gida ko ƙarama ce a bar ta a buɗe, in da bishiya a ƙyale ta.

Masu ganin ƙasa ba ta dace da zaman yau ba, sai su leƙa maƙwabtanmu na Nijar. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin jerin wuraren tarihi na duniya, gari ne kuwa na ginin ƙasa da mutane ke zaune a ciki suna harkokinsu. A Yamai kuma, a 2016 aka kammala wasu gidaje shida masu bene da ake kira Niamey 2000, waɗanda Mariam Kamara da abokan aikinta suka tsara. An yi su da tubalin ƙasa da inji ya matse, a ɗan ƙaramin fili, kowanne da wurin shan iskarsa a killace, kuma tsarin tsofaffin birane irin su Kano da Damagaram suka duba. Abin da muke rusawa a gida, wasu sun zo sun ɗauki darasi daga gare shi.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, muna da rabo a wannan magana. Shekara da shekaru labaranmu da yawa suna ajiye jarumi a katafaren gida mai get da maigadi, kamar dai soyayya da arziki ba sa shiga lungu. Mai karatu ƙarami da ya tashi a gidan gado, in bai taɓa ganin irin gidansu a littafi ba sai a matsayin alamar talauci, ranar da gidan ya dawo hannunsa ba zai yi wata-wata ba wajen kiran masu rusau. Ga shi kuwa labari na nan jibge a irin waɗannan gidaje: takaddamar magada a kan zaure, da tsohuwar da ta ƙi a sare bishiyar da ta shuka tana amarya, da maginin da ya rasa wanda zai koya wa daurin guga. Kalmomin su ma suna tafiya tare da ginin. Ɗalibai nawa ne a ajinmu na sakandare za su iya bambanta shigifa da zaure, ko su faɗi abin da ake nufi da tauyi?

Shawararmu ga mai sha'awar rubutu ita ce ya ɗauki takarda da biro ya zauna da tsofaffin gidansu, ya tambaye su wane ɗaki aka fara ginawa, wa aka yi wa shi, a zamanin wane sarki, wane ne ya rushe, yaushe aka sa kwano. Ya zana taswirar gidan yadda yake a da da yadda yake yanzu. In akwai tsohon magini a unguwa, ya kai masa goro ya rubuta sunayen kayan aikinsa da yadda ake haɗa su. Wanda ya yi haka ya sami kayan rubutu, in kuma ƙarin gini ya taso a gidansu zai san abin da za a taɓa da abin da za a bari. Allah Ya sa mu dace, amin.